Fim ɗin da ya bi ni har bakin famfo

Daren Talatar da ta wuce aka tsuge da ruwa a Kumasi, irin ruwan Oktoban nan da ba ya sallama, sai dai kawai ka ji kwanon ɗaki ya ɗauka kamar ana watsa masa tsakuwa. Wajen ƙarfe tara aka ɗauke wuta. Na duba kwamfutata na ga cajinta zai kai ni awa biyu, sai na jawo littafin makina daga bayan akwati, na kira ɗan yayata da ke kwana a ɗakin ƙofar gida, muka baje a tabarma. Littafin irin na 'yan firamare ne mai shuɗin bango. Shafukan gaba sunayen waɗanda suka kawo gyaran waya shagona na Adum ne da abin da suka biya. Idan ka juya shi ta baya kuwa, sunayen fina-finan ban tsoro ne, kowanne da ranar da na kalle shi da makin da na ba shi cikin biyar. Bana shekara ta shida ke nan, kuma a watan Oktoba kaɗai nake buɗe wannan ɓangaren.

Na san za a tambaya, gara in faɗa tun yanzu. Ba na bikin Halloween, ba na sa wa 'ya'yana kayan dodanni, kuma a unguwarmu Aboabo ba yaron da zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ranar 31 ga Oktoba yana neman alewa. Biki ne na wasu mutane, da tarihinsu. Tushensa yana can Ayilan, inda mutanen zamanin da suke da bikin ƙarshen kaka da shigowar hunturu mai suna Samhain, suna ganin a daren labulen da ke tsakanin rayayyu da matattu yakan yi shara-shara. Coci kuma ya sa ranar tunawa da waliyyansa a 1 ga Nuwamba, daren jajibirinta shi ne ya zama Halloween. 'Yan Ayilan da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19 suka tafi da al'adar, a can ta gamu da kabewa da 'yan kasuwa. Ni abin da ya haɗa ni da watan ɗan baffana ne da ke zaune a Bronx, a birnin New York na Amurka. Shi ya turo min saƙo wata shekara cewa abokan aikinsa kan yi gasar kallon fim ɗin tsoro guda kullum har Oktoba ya ƙare, ya ce yana ji ya tuna da ni. Ban taɓa kai talatin da ɗaya ba. Ga shago, ga iyali, ga kuɗin data. Goma zuwa sha biyu nake samu.

Dalilin da ya sa ya tuna da ni kuwa, Kawu ne, ƙanin Mma, Allah ya jiƙansa. Yana da gidan bidiyo a unguwarmu a shekarun 1990. Ɗaki ne na katako da kwano, benci takwas, talabijin guda a kan dogon tebur, na'urar kaset, sai ƙaramin janareta a baya da yake ɗaurewa da sarƙa. Aikina, idan an tashi daga makarantar allo, in fitar da hoton fim ɗin ranar in rataye a bakin hanya. Hotunan nan ba inji ne ya buga su ba. Masu zane ne ke ɗinke buhunan fulawa, su shafe su da fenti, su zana da hannu, kuma sau da yawa mai zanen bai ma ga fim ɗin ba, labarinsa kawai aka ba shi. Shi ya sa za ka ga maciji mai kai uku a bakin ƙofa, ka shiga ka zauna har a tashi ba ka ga ko ƙadangare ba. Yau masu tara zane a Turai da Amurka ke sayen irinsu. Ni abin da ya rage min shi ne warin fentin, da yadda yadin ke tsattsagewa a wurin naɗi idan ya sha yawo.

Kawu ba ya kallon talabijin ɗin. A bakin ƙofa yake tsayawa da gwangwanin kuɗi a hannu, yana kallon ƙeyar mutane. Ranar da ya sa Living in Bondage, fim ɗin Najeriya na 1992 da aka yi da harshen Ibo, ɗakin ya cika har ana zama a ƙasa, wani dattijo da ya taɓa zama a Anacha yana fassara mana. Labarin Andy ne, wanda ya ba da matarsa Merit ga 'yan ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi. Ya yi kuɗin, amma duk inda ya je zai ji daɗinsu sai fatalwarta ta bayyana gabansa. Da farko ana ta ihu ana dariya. Can sai ɗakin ya mutu, ba ka jin komai sai janareta. Tsohuwar da ke sayar da gyaɗa a bakin ƙofa ta ce a hankali, alhaki kwikwiyo ne. Kawu ya dafa kaina ya ce, "Ka ji ko, yaro? Idan suna ihu wasa suke yi. Ka jira sai sun yi tsit."

Da wannan nake auna fim har gobe, sai dai na ƙara nawa ma'aunin. Gidanmu gidan haya ne, ɗaki sha huɗu, famfo guda a tsakar gida kusa da tsohuwar rijiya da aka rufe da fallen kwano aka danne da dutse. Da asuba ni ne kan fara fitowa da buta. Daga ƙofata zuwa famfo taku ashirin ne. Idan na yi takun nan ban tuna da fim ɗin jiya ba, ba zai wuce maki biyu ba, komai sunan da ya yi a duniya. Idan ya biyo ni har na ji ina waiwaye, uku ko huɗu. Biyar kuwa sai wanda ya zauna min a rai kwana da kwanaki, ina riƙe da ƙarfen liƙi a shago ina tunanin mutanen cikinsa kamar na san su.

A daren ruwan nan Halloween muka sa, na John Carpenter, 1978. Da ɗan kuɗi aka yi shi, kimanin dala dubu 300. Farar fuskar da makashin cikin fim ɗin, Michael Myers, ke sawa ta roba ce, mai kamannin ɗan wasa William Shatner, aka saya a shago aka fesa mata fenti, kiɗan fiyanon da ke sa tsikar jiki tashi kuma Carpenter da kansa ya tsara shi. Ɗan yayata ya zo da shirin ganin jini, sai ya ga kusan babu. Ya ce, "Kawu, wannan mutumin fa ko gudu ba ya yi." Na ce ya ci gaba da kallo. Mutumin ba shi ne ke kaɗa min hanta ba. Akwai inda yarinyar, Laurie, ta kuɓuce masa da rauni a jikinta, ta ruga ƙofar maƙwabta tana bugawa tana kururuwa. Fitilar waje ta kama. Wani ya leƙo ta taga, ya gan ta. Sai aka kashe fitilar. Na tsayar da fim ɗin a nan na dubi yaron, shi ma ya dube ni. A unguwarmu ko kaza ce ta yi kukan da ba a gane ba tsakar dare sai an fito, balle a ji muryar 'yar mutane. Kafin ka ce ɓarawo sau biyu, maza sun cika lungu da sanduna, mata suna leƙe ta kan katanga. Garin da ke da faffaɗan titi da ciyawa shar, amma ba mai buɗe maka ƙofa, shi ne abin da ya raka ni famfo washegari. Na ba shi uku.

Akwai wasu sababbi guda biyu da na kalla a makon farko, ba sai na ambaci sunansu ba. Yanka ne da sara daga farko har ƙarshe. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙafar sa ranar Layya ya san jini, ba ya firgita shi. Abin da suke tayar maka ƙyama ce, ita kuwa daban take da tsoro. Sauran dabararsu su yi shiru su buga maka ƙara ba zato, alhali ko ƙofa aka buga da ƙarfi mutum zai zabura. Ɗaya-ɗaya na ba su.

Ringu kuwa, na Hideo Nakata ɗan Japan, 1998, wannan karo na uku ke nan ina kallonsa, kuma bai taɓa sassauta min ba. Labarin wani kaset ɗin bidiyo ne, irin wanda na tashi ina mayar wa Kawu baya, duk wanda ya kalla sai waya ta yi ƙara, bayan kwana bakwai ya mutu. Cikin kaset ɗin akwai rijiya. Kowa maganar Sadako yake yi, fatalwar cikin fim ɗin, yadda take rarrafowa daga cikin talabijin gashi ya rufe mata fuska, kuma gaskiya wurin yana tsinka zuciya. Amma wanda bai gani ba ya yafe ni, ƙarshen ne ya fi damuna. Matar da ke bin diddigin lamarin ta gano cewa hanyar tsira guda ce, ka kwafi kaset ɗin ka ba wani ya kalla. Ɗanta ya riga ya kalla. Sai ga ta a mota, da na'urar bidiyo a gefenta, ta nufi gidan mahaifinta. Na daɗe zaune bayan an gama ina tambayar kaina, in da ɗana ne, ƙofar wa zan nufa? Da asuba na tsaya nesa da rijiyarmu na yi alwala, idona yana kan dutsen da ke kan kwanon. Huɗu.

The Exorcist ni kaɗai na kalla, na ce wa yaron ya je ya kwanta, shekarunsa ba su kai ba. William Friedkin ya yi shi a 1973, kuma abin da mutane da yawa ke mantawa, da kiran sallah ya buɗe, a arewacin Iraƙi. Labarin yarinya ce 'yar shekara 12, Regan, da wani abu ya shige ta. Juyawar kai da amai da zage-zage, duk waɗannan sun tsufa, ka san dabarar masu fim ce. Wanda bai tsufa ba shi ne uwar. Tana yawo da 'yarta daga wannan likita zuwa wancan, ana soka mata allura a wuya ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, kowa ya ce bai ga komai ba, har ta kai ga matar da ba ruwanta da addini tana roƙon limamin coci ya taimake ta. Na san wannan fuskar. Na gan ta a tsakar gidanmu shekarun baya, lokacin da 'yar maƙwabciyarmu ta fara faɗuwa tana magana da wata murya. An kai ta asibiti, an kawo malamai sun yi ruƙiyya, uwar tana zaune a bakin ƙofa da carbi, ta kasa shiga ta kasa tafiya. Yarinyar ta warke, alhamdu lillahi, yanzu har ta yi aure. Saboda uwar nan na ba fim ɗin huɗu.

Wannan ne ma ya sa na kashe wani fim ɗin Turkiyya ban kai rabinsa ba. Ana yawan yabonsu a wurinmu, wai su ne suka san aljanu irin namu. Ni na yi imani da aljanu, sura guda aka saukar da sunansu. Shi ya sa raina ya ɓaci da na ji ana karanto ayoyi ana haɗa su da kiɗa da gurnani, an mai da su kayan tsoratarwa kamar ƙarar ƙofa. Matata, wadda ba ta kallon ko ɗaya daga cikin waɗannan, ta jiyo daga ɗaki ta leƙo ta ce, "Maigida, wannan fa ba abin wasa ba ne." Gaskiyarta. Na ja layi a gaban sunansa, ban rubuta maki ba. Wanda ya taɓa maganar aljanu da kunya shi ne Under the Shadow na Babak Anvari, 2016, da Farisanci. Uwa ce da 'yarta a wani bene a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, makamai na faɗowa, maƙwabta na tserewa ɗaya bayan ɗaya, 'yartsanar yarinyar ta ɓace. Kusan ba a nuna maka komai sai mayafi yana motsi. Shi ma huɗu, kuma ban yi jayayya da kaina ba.

A cikin littafin nan kaf, shekara shida, biyar guda ɗaya ce. His House, na Remi Weekes, wanda ya fito a Netflix a ƙarshen Oktoban 2020. Miji da mata ne, Bol da Rial, suka gudo daga yaƙin Sudan ta Kudu, suka tsallake teku a kwale-kwale, yarinyar da ke tare da su ta nutse a hanya. A Ingila aka ba su wani gida da ya sha jiki, da sharuɗɗa: ba aiki, ba canja gida, kuma su riƙa kai kansu ana ganinsu. Bol yana ƙoƙarin zama ɗan gari, ya sayi irin kayansu, yana so a ci abinci da cokali. Rial tana zaune a ƙasa tana ci da hannu, ba ta yarda an iso ko'ina ba. Da dare kuma sai a riƙa jin motsi a cikin bango. Rial ta ba shi labarin wani maye da ake kira apeth a wurin mutanensu, wanda idan ka ɗauki abin da ba naka ba ka gina gida da shi, sai ya tare a bangon gidan har ka biya. Ba zan faɗi abin da suka ɗauka ba. Wannan kam sai mutum ya gani da idonsa.

Mu mutanen zango ba sai an yi mana bayanin wannan ba. Sunan ma ya faɗi komai, inda ayari ya sauke kaya. Kakanmu daga Kano ya biyo fataken goro ta Salaga, ya zauna. Mma har yau tana ba da labarin 1969, da aka ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar Gana, yadda maƙwabta suka tafi suka bar tukwane a kan murhu. Yanzu kuma samarinmu ne ke fita, ta Agadas, ta sahara, zuwa Libiya, suna hangen Italiya.

Ɗaya daga cikinsu abokina ne na ƙuruciya, benci guda muke zama a wurin Kawu. Ya tafi, ya yi shekaru, ya shiga teku bai tsallake ba, aka dawo da shi. Yanzu keken haya yake ja tsakanin Aboabo da Asawase. Bai taɓa ba ni labarin tafiyar ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Makon jiya ya zo shago in canja masa gilashin waya, ya ɗauki littafin yana juyawa, ya ga biyar ɗin. Ya ce wane fim ne wannan da ya ci makin duka. Na ce, "Aboki, bar wannan, ba naka ba ne." Ya dube ni ya ce, "Ai shi ya sa nake so in gani."

Ya zo bayan isha'i ranar Laraba. Na sallami ɗan yayata, matata ta kawo mana shayi ta koma ciki. Ya yi shiru yana kallo, har da ɗan murmushi wurin da ake karanta musu sharuɗɗa. Sai aka zo inda Bol ke zaune a teburin kicin yana cin abinci, hoton ya riƙa ja da baya, ja da baya, har ka ga ashe teburin da guntun bangon suna tsakiyar teku ne, ruwa ta ko'ina, ga gawarwaki a ciki. Abokina ya ajiye kofinsa a hankali, ya miƙe, ya sa takalmi ya fita. Na tsayar da fim ɗin. Da na ga ya jima na bi shi. Yana tsugune a bakin famfo, ya buɗe ruwa yana zuba a hannunsa, ba wanka yake ba, ba alwala ba. Na tsuguna kusa da shi. Mun fi minti goma a haka. Sannan ya ce, bai dube ni ba, "A namu ma akwai yarinya." Ya rufe famfon, ya ce sai da safe.

Ban yi barcin kirki ba a daren. Na yi ta zargin kaina, me ya kai ni nuna masa. Alhamis ban gan shi ba, na kira wayarsa bai ɗauka ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi a ƙofar gida da ledar ƙosai, ya ce, "Ina muka tsaya?" Muka ƙarasa da rana tsaka, ƙofa a buɗe, yara na wasa a tsakar gida. Ya kalla har sunaye suka gama wucewa. Na miƙa masa littafin da biro na ce ko zai ba shi nasa makin. Ya girgiza kai, ya ce shi bai iya wannan ba, amma akwai abu guda da suka manta. Na ce mene ne. Ya ce warin fetur. Ya ce man yakan zube a cikin jirgin ya gauraya da ruwan gishiri, ya ci fatar duk wanda ke zaune a tsakiya, kuma mata da yara ake sawa a tsakiya.

Na karɓi biron na rubuta a gefen biyar ɗin, da ƙananan baƙi: warin fetur. Shi kuma ya buɗe ledar ƙosan ya kira yaran.